Yashica Mat-124G: kyamarar da ke sa mai hoto ya sunkuyar da kai

Yashica Mat-124G kyamara ce ta ɗaukar mutumin da ya zauna ya natsu. In doki kake bi, ko yaro mai ƙiriniya, ko amarya ana rakiyarta cikin turmutsitsi, to adana kuɗinka, ba taka ba ce. Na fara da wannan ne saboda duk saurayin da ya gan ta rataye a wuyana a wurin aiki, tambayarsa ɗaya ce: "Oga, wai wannan ta fi dijital ne?" Ba gasa suke yi ba. Ni kaina da dijital nake neman abincina, bikin aure da suna da walimar sauka, kuma ba ni da niyyar sauya sheƙa. Sai dai akwai wani irin hoto da ban taɓa samunsa yadda raina ke so ba sai da wannan baƙin akwati.

Kamfanin Yashica na Japan ne ya ƙera ta, daga 1970 zuwa 1986, don haka duk wadda ta faɗo hannunka yau tsohuwa ce, ko da kuwa mai sayarwa ya rantse maka a kwali ya same ta. Tsarinta na Rolleiflex ne, wadda kamfanin Franke & Heidecke na Jamus ya fito da ita a 1929. Yashica sun bi sawu ne suka yi mai sauƙin kuɗi. Akwati ce a tsaye mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Da na sama kake kallo, na ƙasa shi ke ɗauka. Dukansu milimita 80 ne. Idon da ke ɗauka sunansa Yashinon, gilashi huɗu ne a cikinsa, kuma ƙofar haskensa tana buɗewa daga f/3.5 ta tsuke har f/32. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a lokacin ɗauka, ƙirar Copal ne, yana tafiya daga daƙiƙa ɗaya zuwa 1/500. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Harafin G da ke ƙarshen sunanta kuwa, ruwan zinare ne da aka shafa wa mahaɗan wutar ma'aunin haske, ba wani abin da zai bayyana a hoto ba ne, kodayake 'yan kasuwa na son su ja shi da tsawo in ana ciniki.

Fim ɗin da take ci shi ne 120, kuma a nan ainihin maganar take. Kodak ce ta fito da shi tun 1901, naɗi ne mai faɗin kusan santimita 6 da takarda a bayansa, babu gwangwani irin na fim ɗin 35 da muka saba da shi. A wannan kyamara naɗi ɗaya hoto 12 ne cif, kowanne murabba'i, milimita 56 a kowane gefe. Dodon hoto, wato hoton da ke jikin fim wanda daga shi ake bugawa a takarda, a fim ɗin 35 kuwa milimita 24 ne da 36, bai fi kan sarkin wasiƙa da yawa ba. In ka buga lissafi, filin dodon 120 ya ninka na 35 sau uku da rabi har da ɗoriya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, in za a wanke hoto babba na rataye a falo, dodon 35 sai an ja shi sosai kafin ya cika takarda, kuma yana jawuwa tsaki-tsakin fim na fitowa. Na 120 jan kaɗan yake buƙata. Fuska takan fito sumul, inuwa ta sauka a hankali daga kumatu zuwa wuya, ba ta yanke kwatsam.

Wanda bai yarda ba ya ɗauki dattijo sanye da babbar riga mai aska takwas, ya wanke hoton da girma. A dodon 120, in saiti ya zauna daidai kuma hannu bai girgiza ba, za ka bi zaren aikin da ido, ka ga inda allura ta shiga da inda ta fita, ka bambance ƙyallin shadda da ƙyallin zaren siliki duk da a hoton baƙi da fari ne. Naɗin rawani ma kowane ninki na nan da inuwarsa. Wannan riga na ɗauke ta da Pentax K1000 ɗina mai fim ɗin 35, hoton ya yi kyau, babu laifi, amma aikin ya dunƙule ya zama zane kawai. Mai ɗinki zai gane bambancin kafin mai hoto.

Amma in gaskiya za a bi, ba don girman dodo na kamu da son ta ba. Yadda ake riƙe ta ne. Kyamarar nan ba a kai ta ido. A ciki ko a ƙirji ake tokare ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa wani gilashi mai faɗi inda hoton ke bayyana. Wato duk lokacin da kake saiti kanka na ƙasa, idonka ba ya cikin idon wanda kake ɗauka. A ƙasar da yaro ba ya ƙura wa babba ido, inda suruka ba ta son a tsare ta da kallo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da dijital mai dogon hanci, da zarar na ɗaga ta sai ka ga mutum ya ƙame, ya haɗiye murmushi, ya gyara wuya irin na hoton fasfo. Da Yashica kuwa mutane kan manta ana ɗaukarsu, don gani suke kana fama da wani abu ne a ƙasa.

Na zaunar da wani baffana a bakin zaure da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Ina sunkuye ina murɗa saiti, sai na ji ya ce, "Kai ɗan nan, ni kake ɗauka ko kuɗi ka yar kake nema?" Na ce, "Baffa, ai ga ka nan a ciki, har carbin ina gani." Ya ce ƙarya ne sai ya gani. Ya taso ya leƙa, sai kujera ya tarar babu kowa. Ya sa jikansa ya hau kujerar, ya sake leƙawa, ya daɗe yana kallo, yana cewa yaron ya ɗaga hannu. Da ya koma ya zauna dariya ba ta gama sakin fuskarsa ba, a nan na danna. Bai ma san an ɗauka ba, don ƙarar ƙyauren 'yar ƙyas ce, babu madubin da ke tsalle a ciki irin na K1000. Rashin wannan tsalle yana da wani amfanin kuma: da igiya a wuya da kyamara tokare a ciki, nakan ɗauka a 1/30 hoto ya fito tsaf, abin da ba na yarda in yi da wata kyamarar ba tare da na kafa ta a kan ƙafa uku ba.

Akwai kuma abin da tsayin ciki ke yi wa hoto. Wanda ke zaune, idon kyamarar na daidai da fuskarsa. Wanda ke tsaye, daga ɗan ƙasa ake kallonsa, sai ya fito da kwarjini. Yara kuwa ana samun su a tsayinsu, ba a leƙo su daga sama ba.

Murabba'in ma sai an saba. Babu zancen a kwantar ko a tsayar da kyamara, hoto ɗaya ne ta ko'ina. Ga mutum ɗaya ko biyu, ko uwa da goyo, ya dace ƙwarai, musamman babbar riga da ke buɗewa gefe da gefe ta cika fili. Ga hoton dangi na mutum 20 a jere kuwa ɓarna ce, rabin dodon sama ne da ƙasa. Masu ɗaukar irin wannan sun fi son 6x7 ko 6x9, waɗanda duk a kan fim ɗin 120 ɗin nan suke, sai dai naɗin ya ba ka 10 ko 8 maimakon 12. Mai son tattali kuma ya nemi 6x4.5 ya sami 15 ko 16. Fim ɗaya ne, kyamara ce ke yanka shi yadda aka ƙera ta.

Yanzu ga wahalhalunta, kuma suna da dama.

Hoton da kake gani a gilashin sama a juye yake, dama ta koma hagu. Mutum ya matsa dama, a gilashi hagu ya yi, kai kuma hannunka sai ya bi abin da ido ya gani, ka kauce masa gaba ɗaya. Ga wanda ke zaune wannan ba komai ba ne, kana da lokacin gyarawa. Amma je ka Hawan Daushe da ita ka gani. Kafin ka gane ta ina dokin ya shigo gilashi, ya fice, ga ƙura, ga jama'a na ture ka, ga kanka a ƙasa ba ka ganin abin da ke tahowa. Akwai wata 'yar taga a murfin da ake turawa ciki a leƙa kai tsaye don irin wannan yanayi, sai dai ta cikinta ba ka ganin saiti, ƙiyasi kawai kake yi. Ranar hawa K1000 nake ɗauka ko dijital. Fim ɗin 35 don wannan aka yi shi: Bajamushe Oskar Barnack ya ƙera kyamarar Leica ƙarama ne don ta shiga aljihu, ta fito kasuwa a 1925, kuma da irinta mai hoton nan Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ya yi ta yawo a titunan duniya yana kama abin da ba ya jira. Hoto 36 a naɗi, ido a kan abin da ke faruwa, in ɗaya ya kuskure na gaba zai samu. Da 12 ba ka da wannan sararin.

Na biyu, ba ta matsowa kusa. Ƙasa da mita ɗaya ba ta saituwa. Ga mai aikin biki wannan ciwo ne, domin lallen amarya, zobe, kwalliyar ido, duk ba za ka cika hoto da su ba. Akwai ƙananan gilasai da ake maƙala wa idanun biyu don kusantowa, Yashica sun yi nasu, na Rolleiflex masu baki iri ɗaya ma suna shiga, amma samunsu wani aiki ne. Ko da su ɗin, sai ka tuna idon kallo na sama da idon ɗauka da 'yan santimita. Daga nesa ba a lura. Da an matso, abin da ka gani ba shi ne daidai abin da fim ya gani ba, sai a wanke ka tarar an sare wa mutum hula. Ka riƙa barin fili a sama.

Ido kuma ba a cire shi. Milimita 80 ɗin nan shi ke nan har abada, kuma a wannan girman dodo yana gani ne kusan yadda 45 ko 50 ke gani a fim ɗin 35. Ni bai dame ni ba, ƙafa ce zum ɗina. Wanda ke son canza ido ya dubi Mamiya C220 ko C330, su ma masu ido biyu ne amma ana sauya musu, sai dai sun fi nauyi.

Ma'aunin hasken da ke goshinta, kada ka dogara da shi. An yi shi ne don batir mai sinadarin makuri na bolt 1.35 wanda aka daina yi. In ka sa na yanzu mai 1.5 allurar za ta motsa, amma ƙarya za ta yi maka. Wasu na dabara da batirin na'urar taimaka wa ji, mai 1.4, su yi masa zobe ya zauna. Ni na bar shi babu batir, kyamarar ba ta buƙatar wuta don ta ɗauka, komai nata na ƙarfe da sifirin ne. Manhajar auna haske a waya ta ishe ni, in kuma a fili ne da rana tsaka ma ba na dubawa: f/16, saurin ƙyaure kuma daidai da lambar da ke kwalin fim, wadda ke nuna yadda yake saurin kama haske. Wannan ƙa'ida ce ta tona wani abu da masu sayen fim daga waje ba sa lura da shi. Kowa yabon fim mai lamba 400 yake yi, Portra 400, Tri-X, HP5 Plus, don ba ko'ina ake samun rana mai ƙarfi irin tamu ba. A hasken ranar Kano, 400 zai kai ka 1/500 da f/16, ƙarshen saurin kyamarar ke nan, ba ka da damar buɗe ƙofa ka dusashe abin da ke bayan mutum. In a waje za ka yi aiki, nemi FP4 Plus mai 125, ko Ektar 100, ko Gold 200 da Kodak ta dawo da shi a girman 120 a 2022. Mai 400 ka bar wa zaure da rumfa da bayan la'asar.

Sannan ka auna fuska, kada ka auna riga. Farar shadda a rana takan ruɗi kowane ma'auni ya ce haske ya yi yawa, ka tsuke ƙofa, fuskar baƙin mutum ta nutse. Fim ɗin dodo yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa, don haka in kana shakka, ƙara. Shaddar ba za ta ƙone fat ba kamar yadda take yi a dijital, kuma wannan na cikin abubuwan da har yau nake jinjina wa fim a kansu.

Idon Yashinon yana da kaifi sosai daga f/5.6 zuwa f/11. A buɗe gaba ɗaya tsakiya na da kyau, gefuna sun ɗan yi laushi, wanda ga hoton fuska ba aibi ba ne. Inda yake kasawa shi ne in rana na gabansa. Haske kan yi yawo a cikin akwatin, hoto ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo alhali gari garau yake. 'Yar hular ido da ake maƙalawa tana rage wannan ƙwarai, kuma a ganina bai kamata a sayi kyamarar ba tare da ita ba. A nan ne Rolleiflex ta nuna kuɗinta. A hannun naɗa fim ma haka: na Rolleiflex santsi, na Yashica garr-garr, ana jin haƙoran ƙarfe na cizon juna. Yana aiki, amma ba ya son gaggawa. A juya gaba har ya tsaya, a dawo da shi baya har ya tsaya, shi ke nan. Wanda ya saba fizga zai kai ta wurin mai gyara, mai gyaran irinta kuwa ba a kowane gari yake ba.

Duk wanda ke kallon tsofaffin hotunan situdiyo na Afirka ta Yamma ya san zaɓen girman fim ba ado ba ne, lissafin sana'a ne. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana aiki da babbar kyamara mai dodo santimita 13 da 18. Dodo mai wannan girma ba ya buƙatar injin faɗaɗawa, ɗora shi ake yi a kan takarda a haska, hoto ya fito daidai girmansa, mai shi ya karɓa ya tafi. Fim na da tsada, don haka sau ɗaya yake ɗaukar yawancin mutane, kuma da hasken rana a tsakar gida. Shi ya sa in ka dubi hotunansa za ka ga an zauna an shirya komai, zaman hannu, faɗuwar zane, har inda yatsa zai kwanta. Malick Sidibé da ya biyo bayansa a wannan gari, samari yake bi wuraren rawa da bakin kogi da dare da rana, babbar kyamara mai ƙafa ba za ta yi masa ba, sai ƙanana masu shiga jaka da filas. Gari ɗaya, sana'a ɗaya, amma abin da kowa ke ɗauka shi ya zaɓa masa kayan aiki. Mat-124G tana tsakiyar su biyun ne, ta fi kusa da Keïta a hali, ta fi kusa da Sidibé a nauyi.

Saura babbar matsala, wadda ba laifin kyamarar ba ce amma dole mai saye ya san da ita: fim da wanki. Shagunan wankin hoto da muka taso muka gani a kowace unguwa, yawancinsu sun koma buga hoton waya, injinan wankin fim an daɗe da kashe su. Waɗanda ma suke yi a da, 35 suka fi sani. Fim ɗin 120 sai dai ka yi oda ko ka ba mai zuwa waje sautu, kuma in sautu ne ka roƙe shi ya riƙe a jakar hannu ya nemi a duba da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba. In ya iso, zafi ne abokin gabansa. Firji ya fi, in wuta na samuwa. In babu, wuri mafi sanyi a ɗaki, cikin roba mai murfi. Kada a bar shi a mota. Ana sa shi a kyamara ne a inuwa, a ja takarda har kibiyar da ke jikinta ta zo daidai alamar da ke cikin akwatin, sannan a rufe. In an gama a naɗe tam a liƙe bakin, domin takardar nan ita kaɗai ce tsakanin hotunanka da rana. Ka kuma duba farantin da ke danne fim a cikin murfin baya, yana da zama biyu, na 12 da na 24. Na 24 na fim ɗin 220 ne wanda kusan ya ɓace daga kasuwa. A bar shi a 12.

Baƙi da fari ni nake wanke abina a gida, kuma ba wani sihiri ba ne: tanki ƙarami, jakar duhu ta sa hannu, ruwan magani iri biyu, ma'aunin zafi. Abin da ke ba da wuya shi ne ana son ruwa a digiri 20, ruwan famfonmu kuwa a watan Afrilu ko kusa bai san wannan lamba ba. Ruwa mai ɗumi yana sa magani ya ci fim da sauri, lokaci ya gajarce, in ya yi ƙasa da minti biyar wanki ba ya fita daidai, sai ka ga dabbare-dabbare a sararin sama. Nakan sayi ƙanƙara in sauko da ruwan, in kuma tsarma maganin sosai don lokaci ya yi tsawo. Rodinal na fi so don wannan, tsohon magani ne tun 1891, kwalba ɗaya na daɗewa ba ta lalace ba, kuma tsakin da yake fitarwa wanda ke damun masu 35 ba ya damun dodon 120. Abin dariya, wankin fim mai kala digiri 38 yake so, wato da bazara mun fi Turawa kusa da shi. Lokacin hunturu ruwa kan yi daidai da kansa da asuba, sai dai ƙura ta karɓi aiki. Jiƙaƙƙen dodo in ƙura ta hau shi ta zauna ke nan. A banɗaki nake shanya, bayan na watsa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa. Kyamarar ma hunturu ba ya raga mata, ƙura na bi ta murfin sama ta kwanta a madubi. Ba ta shafar hoto tunda idon kallo ne, amma tana dusashe gani, kuma madubin ba ya son a goge shi da ƙarfi.

Kuɗi fa? Kowane danni kuɗi ne, kuma hoto ɗaya a 120 ya fi ɗaya a 35 tsada nesa ba kusa ba. Wanda tsadar fim ce damuwarsa, hanyarsa ta bi ta wancan ɓangaren ne, wajen kyamarori masu raba dodon 35 gida biyu su ba da 72 a naɗi, irin Olympus Pen ta 1959 ko Pentax 17 da ta fito a 2024. Wanda kuma aikin situdiyo zai yi da gaske, yana son matsowa kusa da canza ido, Mamiya RB67 ta fi masa, in zai iya da nauyinta da ya haura kilo biyu da rabi. Na ɗan riƙe ta aro, hotonta babu na biyunsa, amma ba abar ratayawa a shiga lungu ba ce. Yashica ita ce wadda zan iya saka wa a jaka tare da kayan dijital in tafi biki, in an natsa bayan an ci abinci in ce, "Hajiya, don Allah a ɗan zauna nan bakin taga," in ɗauki biyu ko uku na iyaye da kakanni. Waɗannan su ne hotunan da daga baya ake kira a ce a ƙara wanko babba.

Farashinta ya hau a 'yan shekarun nan saboda suna da ta yi a intanet, har takan fi wasu 'yan uwanta tsada ba tare da ta fi su hoto ba. Yashica Mat-124 marar G, wadda ta riga ta fitowa, ido ɗaya suke da shi, kuma jikinta ya fi ƙarfe. Yashica-D mai idon Yashinon ma haka, in ba ka ƙi naɗa fim da murɗi maimakon hannu ba. In ka sami ɗayansu da sauƙi, ɗauka.

In za ka saya, buɗe bayanta, sa saurin a B, inda ƙyaure ke zama a buɗe muddin kana danne, danna ka riƙe, ka haska tocilan ta cikin idon ƙasa. Hazo ko zare-zaren fumfuna a cikin gilashi sananniyar cutar wannan kyamara ce, kuma shi ke ƙara mata farin nan da na ambata. Sa ta a daƙiƙa ɗaya ka saurara: in ƙyauren ya yi jinkiri ko ya maƙale a hanya, mai ya daskare, sai an wanke. Murɗa saiti daga farko zuwa ƙarshe ka tabbata fuskar gaban na fita da komawa a miƙe, ba ta karkace ba, don wadda ta taɓa faɗuwa ta nan ake gane ta. Duba soson da ke bakin murfin baya, yawanci ya narke ya zama danƙo, amma sauya shi abu ne mai sauƙi. Akwai kuma wani ɗan maɓalli na filas mai harafin M da X. A bar shi a X kullum. In yana kan M aka ja sandar ɗaukar-kai, mai jinkirta ɗauka don mai hoto ya shiga ciki, ƙyauren na iya cijewa, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa da arha a ce "ɗan gyara kaɗan take so" abin da ya same su ke nan. Tawa na ɗaure maɓallin da ɗan salatif, sandar kuwa ba na taɓa ta.